MSSN, siyasar ɗalibai, wasanni ko sana'a: wanne ya dace da kai idan an tashi daga lacca?

Duk wanda ya yi rijista a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU), ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya (ABU), ko Kwalejin Fasaha ta Kaduna (Kadpoly) ya san yadda makonnin farko suke. Kafin ka gama gane inda ɗakin laccarka yake, an miƙo maka fom huɗu ko biyar. 'Yan MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da 'yan FCS, ta ɗalibai Kirista, sun kafa tebur suna taya sababbin ɗalibai cike takardu, 'yan ƙungiyar sashe suna karɓar kuɗinsu, wani da ake ce wa kwamared ya riƙe maka hannu yana cewa ya ga alamar shugabanci a tare da kai, na garinku kuma suna neman lambarka don su jefa ka a zauren WhatsApp. A gida kuwa magana ɗaya aka yi maka: karatu aka tura ka, ban da shiga abin da babu ruwanka.

Iyaye suna da hujjarsu, sun ga 'ya'yan mutane da harkar ƙungiya ta cinye wa karatu. Sai dai akwai wata asarar da ba a cika ganinta ba sai an gama. Ɗalibi ya yi shekara huɗu daga aji sai ɗaki, ya fita da kwali, amma bai taɓa tsayawa gaban mutum ashirin ya yi magana ba, bai taɓa rubuta wa wani ofis wasiƙa ba, kuma babu malami ko ɗaya da ya san sunansa balle ya rubuta masa takardar shaida. Shiga wani abu dai ya kamata a shiga. Inda aikin yake shi ne sanin wanne, da kuma yaushe.

Abin da za a auna da shi

Na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne lokaci, domin lokacin ne ke komawa maki. A yawancin jami'o'inmu ɗalibi yana ɗaukar yunit 15 zuwa 24 a zango, kuma ana sharɗanta masa halartar kashi 75 cikin 100 na lacca kafin ya zauna jarrabawa. A ma'aunin jimillar maki, wanda ƙololuwarsa 5.00 ce, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, daraja ta biyu babba daga 3.50, ƙarama daga 2.40. Ga lissafin da nake so kowa ya yi kafin ya karɓi wani muƙami. A ce kos ɗinka na shekara huɗu ne, yunit ɗin kowane zango daidai suke, ka gama aji biyu da 3.60. Ka shiga aji uku hidima ta yi maka yawa, ka samu 2.50 zango biyu a jere. Jimillarka ta sauko 3.23 ke nan. Kafin ka sake ganin 3.50 sai ka ci 4.30 a kowane zango na ajin ƙarshe, ga aikin binciken kammalawa a wuyanka. Shekara ɗaya ta sakaci tana iya sauya ajin digirin gaba ɗaya.

Na biyu kuɗi. Kuɗin fom shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Masu cin aljihu su ne kuɗin motar zuwa taro, data, rigar ƙungiya, karo-karon liyafa, da "ɗan wani abu" da ake nema kowane mako. Wanda ke lallaɓa Naira 20,000 ta alawus ɗin wata na NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, ya san bambancin taron da ake yi a cikin makaranta da wanda sai an hau keke sau biyu.

Na uku, me zai rage a hannunka ranar da ka mayar da katin ɗalibi: ƙwarewa, mutane, ko hotuna kawai.

Na huɗu sauƙi, kuma sauƙin fita ya fi sauƙin shiga muhimmanci. Kowace ƙungiya tana maraba da kai. Tambayar ita ce, idan jarrabawa ta rage mako uku ka ce za ka ɗan ja da baya, za su yi maka uzuri ko za a ce ka ci amana?

Na biyar haɗari: ga karatu, ga lafiya, ga suna.

Akwai kuma wani abu na Kaduna da sai an sa shi a lissafi, wato inda kake kwana. Ɗalibin ABU da ke cikin hostel a Samaru yana iya halartar taron bayan isha'i ya taka da ƙafa ya koma ɗaki. Ɗalibin KASU da ke fitowa daga Rigasa, ko Mando, ko Sabon Tasha, da zarar la'asar ta yi sanyi hankalinsa ya koma kan hanya, domin mota biyu ke gabansa, kuma a gida ana duba agogo. Shawarar da ta yi wa na farko daidai tana iya jefa na biyu cikin wahala.

Ƙungiyar addini

MSSN ta samo asali a Legas a 1954, FCS kuma a Gindiri a 1957, ga NFCS ta ɗaliban Katolika. Tsofaffin ƙungiyoyi ne masu tsari, suna da rassa har matakin tsangaya da sashe a manyan makarantu, kuma kusan kyauta ake shiga. A gida ma ita ce ƙungiyar da ba a cika yin gardama a kanta ba, musamman ga 'ya mace.

Amfaninta na kusa, ban da na ibada, shi ne tutoriyal. Ka leƙa wani ɗakin lacca da hantsin Asabar lokacin da jarrabawa ta ƙarato, za ka tarar da ɗan aji uku a gaban allo da tarin tsofaffin tambayoyi a hannu, yana warware lissafin aji ɗaya layi-layi, 'yan aji ɗaya sun cika kujeru har wasu na tsaye a bakin taga suna ɗaukar hoton allo da waya. Ba a biyansa ko sisi. Ɗalibai da yawa a nan suke fahimtar abin da ya wuce su a laccar da mutum ɗari biyar suka cika. Idan rashin lafiya ta zo, ko kuɗin makaranta ya gagara, sau da yawa waɗannan ne ke fara yin karo-karo.

Ta fuskar lokaci, zama mamba ba ya cin komai: usra, wato zaman karatun addini na ƙaramin rukuni, ko taron addu'a, wa'azi, karatun mako. Amma shiga shura ko kwamitin gudanarwa wani abu ne daban. Shirya makon da'awa, ko buɗe-baki a azumi, ko babban taron shekara yana iya cinye makonni, kuma da yake aikin lada ne mutum yana jin nauyin cewa a'a. Wannan nauyin shi ne haɗarinta na gaske. Na biyu shi ne jayayyar aƙida, wadda takan biyo ɗalibai daga unguwa zuwa masallacin makaranta. Ka je neman ilimi da 'yan uwa, kada ka bari a mayar da kai sojan wani ɓangare. Abota da tarbiyyar da ake samu a nan suna daɗewa ƙwarai. Inda ta gaza shi ne, idan ita kaɗai ka riƙe, za ka fita da irin mutanen da ka shiga da su.

Ƙungiyar sashe

NACOS ga 'yan kwamfuta, NUESA ga injiniyoyi, LAWSAN ga 'yan shari'a, PANS ga masu harhaɗa magunguna, da sauransu. Ko ka so ko ka ƙi za ka biya kuɗinta, to gara ka ci moriyar abin da ka biya.

A ganina wannan ita ce ƙungiyar da aka fi rainawa alhali ta fi biya. Dalili kuwa, ita kaɗai ce aikinta ke tafiya hanya ɗaya da karatunka. Ɗan shari'a a harabar ABU ta Kongo da ya shiga kotun gwaji yana koyon abin da zai ci abinci da shi ne. Ɗalibin likitanci a asibitin koyarwa na Shika ko na Barau Dikko da ya bi tawagar duba marasa lafiya kyauta zuwa ƙauye, aikin asibiti yake gani tun kafin lokacinsa. Sakataren ƙungiya da ke kai wasiƙa ofishin shugaban sashe, cikin wata biyu malamai sun san fuskarsa. Ranar da za a nemi wurin SIWES, shirin horon aiki da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta kafa tun 1973, wanda yake ɗaukar wata shida a kwasa-kwasai da yawa, na gaba da kai a sashe su ne suka san wurin da ake koyar da aiki da wurin da za a bar ka kana gadin kujera.

Rauninta shi ne ingancinta ya danganta da shugabannin shekarar. Wata shekara za a yi bita, a gayyato tsofaffin ɗalibai, a kai ziyara masana'anta. Wata shekarar kuwa ba abin da za a gani sai riga da liyafar dare. Kuɗin liyafa da anko ba dole ba ne, kada kunya ta sa ka ci bashi a kansu. Sai kuma riƙon kuɗi: idan aka ba ka ma'aji, ka rubuta kowace naira, ka ajiye kowane rasit, domin zargin cin kuɗin ɗalibai yana bin mutum har bayan bautar ƙasa.

Shugaban aji ma yana cikin wannan rukuni. Ba a kashe kuɗi a kansa, yana haɗa ka da kowane malami, amma wayarka ba za ta huta ba.

Siyasar ɗalibai

A nan zan daɗe, domin ita ta fi jan ido kuma ita ta fi cizo. Wasu makarantu gwamnatin ɗalibai, wato SUG, suke da ita, wasu kuma majalisar wakilan ɗalibai, wato SRC, kamar ABU. Sama da su akwai NANS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ga ƙungiyoyin ɗaliban jiha da na ƙananan hukumomi.

Tarihinta a wannan jiha ba na wasa ba ne. A watan Afrilun 1978, lokacin da gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, zanga-zangar da ake kira "Ali Must Go" ta tashi, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta NUNS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta lokacin, daga baya NANS ta maye gurbinta a 1980. A watan Mayun 1986 an sake zubar da jinin ɗalibai a Samaru. Wanda zai ɗaura sunan kwamared ya kamata ya san cewa waɗanda suka riga shi sun biya da rai, kuma muryar ɗalibai a kan kuɗin makaranta, ruwa, wuta da wurin kwana abu ne da ake buƙata har gobe. Ba na cikin masu cewa a guje ta gaba ɗaya. Idan mutanen kirki suka ƙaurace mata, ba a rufe ofishin, wasu ne ke zama a ciki.

Abin da take koyarwa ba a samunsa a wani wuri cikin sauƙi: yadda ake tsayawa gaban taro mai hayaniya, yadda ake zama da hukumar makaranta a nemi abu ba tare da zagi ba, yadda ake haɗa kan ɗan Zariya da ɗan Kafanchan da ɗan Birnin Gwari a kan buƙata ɗaya. Kuma mutanen da za ka sani suna da yawa.

Farashin fa? Shi ne mafi tsada a duk jerin nan. Akwai kuɗin fom, akwai fosta da bana, akwai data da ruwan leda da abincin 'yan kamfen. Daren da ya rage kwana biyu zaɓe, ɗan takara yana zagaya ɗakunan kwana ɗaya bayan ɗaya, yaransa na biye da bokitin koko suna liƙa fosta a kan ta abokin hamayya, wayarsa na ringin ba ƙaƙƙautawa, kowane "mai ruwa da tsaki" yana son a gan shi, ga tes da ƙarfe takwas na safe wanda bai buɗe littafinsa ba. Kuɗin nan daga wani wuri suke fitowa. Idan daga aljihun ɗan siyasar gari suka fito, to ka sani ranar biya na zuwa: ranar da zai ce ka kwaso masa ɗalibai zuwa gangami, ko ka fitar da takardar goyon baya da sunan mutanen da ba su aike ka ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ja da baya kuma babu shi. Famfo ya ƙafe a hostel ana tsakiyar jarrabawa, kai za a nema. Rikici ya tashi, sunanka ne a gaban kwamitin ladabtarwa, kuma dakatarwa ko kora ba labari ba ne a wannan fage. Shi ya sa makarantu da yawa suke sa mafi ƙarancin makin da sai da shi za a tsaya takara. Kada ka ɗauki wannan maki a matsayin abin da ya ishe ka, ka fi shi da rata mai kyau kafin ka fito. Shawarata ita ce ban da aji ɗaya, ban da ajin ƙarshe. Ka fara daga sashe ko kujerar wakili, ka ga yadda ake yi, ka kuma ga yadda makinka ya ɗauke ta.

Wata magana da ba ta cikin zaɓi ko kaɗan: duk ƙungiyar da ba ta da rijista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, ba ta da malami mai kula da ita, tana taro a ɓoye da dare, tana yi maka alƙawarin kariya ko neman ka yi rantsuwa, ƙungiyar asiri ce ko hanyar zuwa gare ta. Hukuncinta kora ne, kuma fita daga cikinta ya fi shiga wuya nesa ba kusa ba. Kafin ka ba kowa sunanka, ka je ofishin ka tambaya.

Wasanni

Mafi sauƙin bayani. Takalmi da riga, sai ƙwallo. Jami'o'i suna da gasar NUGA tun 1966, kwalejojin fasaha suna da NIPOGA, a cikin gida kuma akwai kofin sashe da na tsangaya. Zariya ta daɗe da suna a ƙwallon kwando; Masai Ujiri, wanda ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019 ƙarƙashin shugabancinsa, a can ya tashi kuma a can ya fara wasan. A cikin garin Kaduna ga dandalin Murtala ga masu motsa jiki da safe.

Wasa don lafiya, yamma biyu ko uku a mako, ba ya cutar da karatu, yana ma taimaka wa barci da natsuwa. Shiga tawagar makaranta kuwa yana zuwa da atisaye kullum da tafiye-tafiyen da kan faɗo tsakiyar zango. Haɗarinsa targaɗe da karaya, kuma jinya daga aljihunka take yawanci. Kaɗan ne ke mayar da shi sana'a, amma a fili ba a tambayar daga wace unguwa ka fito kafin a ba ka ƙwallo, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a garin nan.

Sana'a da fasahar zamani

Wannan ba ƙungiya ba ce a ma'anar da aka saba, amma da ita sauran suke gasar lokacinka, saboda haka dole ta shiga awo. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi wata takwas tana yajin aiki. Ɗaliban jami'o'in tarayya irin su ABU sun koma gida, ƙungiyoyin makaranta duk sun tsaya cak. Wanda ya iya ɗinki, ko gyaran waya, ko zanen kwamfuta shi ne bai zauna ba.

Kaduna tana da wuraren koyo. Tsohuwar Panteka tana Tudun Wada, kusa da Kadpoly, inda maƙera, masu walda da kafintoci ke ƙera abin da ɗalibin injiniya yake gani a zane kawai. Asabar ɗaya a can tare da mai haƙurin koyarwa tana buɗe ido. Ga masu sha'awar manhaja akwai cibiyoyi irin su CoLab a Barnawa, akwai ƙungiyoyin masu koyon rubuta manhaja a cikin makarantu, ga shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Enactus kuma, wadda a da ake kira SIFE, tana haɗa kasuwanci da aikin al'umma, ana kuma gasa a kanta tsakanin makarantu.

Farashi ya bambanta sosai. Fasahar kwamfuta tana son laftof, data da wuta, ukun nan kuwa babu mai arha. Lalle, kitso, cincin, zoɓo, turaren wuta da humra jarinsu kaɗan ne, kasuwarsu kuma tana nan cikin hostel. Ke da za ki fara irin wannan, ki sayi ɗan littafi tun ranar farko. Abin da ke karya sana'ar ɗaliba ba rashin ciniki ba ne, bashin ƙawaye ne: "zan tura miki anjima", "bari a turo min daga gida". Kafin ƙarshen wata uwar kuɗi ta narke a hannun mutanen da kike jin kunyar tambaya. Ki sa iyaka, ki faɗe ta da fara'a tun kafin a saba.

Ta wajen daɗewa babu na biyunta, domin tana bin ka har gida, har sansanin bautar ƙasa. Ja da baya ma yana hannunka idan kai ne mai abinka. Idan kuwa aikin wani kake yi, kamar zaman shagon POS, to mai shago bai san jadawalin jarrabawa ba. Haɗarinta biyu ne. Ɗaya, daɗin kuɗin farko yana sa lacca ta fara zama kamar ɓata lokaci. Biyu, abubuwan da ke sa rigar sana'a alhali ba ita ba ce: cacar ƙwallo a waya, damfarar intanet, da tsarin "zuba dubu goma ka kwashi ashirin". MMM, wani tsarin zuba kuɗi irin wannan, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, kuma tun daga lokacin irinta ba su daina dawowa da sabon suna ba. Duk abin da ribarsa ke fitowa daga kawo wasu mutane, ka bar shi.

Aikin sa kai, rubutu da rediyo

Red Cross, Man O' War, Rotaract, 'yan agaji. Kuɗinsu yunifom ne da ɗan kuɗin wata, abin da ake samu kuma horon taimakon gaggawa, da'a, da takardar shaidar da masu ba da tallafin karatu a ƙasashen waje suke dubawa da gaske. Rotaract takan fi sauran cin kuɗi saboda taruka da gudummawa.

Masu son alƙalami da makirufo kuma suna da ƙungiyoyin marubuta, muhawara, wasan kwaikwayo da ƙungiyar Hausa. ABU, KASU da Kadpoly duk suna da gidan rediyon makaranta, kuma ɗalibin da ya yi shekara biyu yana gabatar da shiri ya riga ya tara abin nunawa. Bikin littattafai na KABAFEST ya fara a Kaduna a 2017, Gidan Arewa kuma yana nan da ɗakin adana tarihinsa ga mai son bincike. Kada a raina ƙaramar ƙungiyar ɗalibai: a 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, kuma har yau ba a ba da tarihin zanen zamani a Najeriya ba tare da su ba.

Wannan rukuni, tare da wasanni, shi ne inda aka fi cakuɗuwa. Tun bayan rikicin shekarar 2000 zaman garin Kaduna ya rabu, mafi yawan Musulmi a arewacin kogi, mafi yawan Kirista a kudanci. Akwai matasan da suka girma ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da na ɗaya gefen ba. Makaranta na cikin wurare kaɗan da suka rage inda hakan ke faruwa ba tare da an shirya taro a kai ba. Ina ganin asara ce babba mutum ya shekara huɗu a irin wannan wuri ya fita bai yi aboki ko ɗaya daga ƙetaren gada ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Lokaci | Abin da ke daɗewa | Ja da baya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙungiyar addini | Kaɗan | Kaɗan ga mamba, da yawa ga shugaba | Tarbiyya, 'yan uwa | Da sauƙi ga mamba | Nauyin cewa a'a, jayayya |
| Ƙungiyar sashe | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici | Sanin malamai da hanyar aiki | Da sauƙi | Zargin kuɗi, shekarar da ba a aiki |
| Siyasar ɗalibai | Da yawa | Da yawa ƙwarai | Iya magana, sanin mutane | Da wuya | Faɗuwar maki, dakatarwa, ubangida |
| Wasanni | Kaɗan | Ya danganta da mataki | Lafiya, abota | Da sauƙi, ban da 'yan tawaga | Rauni |
| Sana'a da fasaha | Daga kaɗan zuwa da yawa | Da yawa a farko | Hanyar cin abinci | Da sauƙi idan taka ce | Bashi, damfara, sakaci da lacca |
| Sa kai, rubutu, rediyo | Kaɗan | Matsakaici | Ƙwarewa, takardar shaida | Da sauƙi | Tara taruka ba aiki |

To wa ya kamata ya ɗauki wanne?

Taura biyu ba ta taunuwa. Abu ɗaya za ka riƙe da gaske, ka ƙara da wani mara nauyi wanda kake mamba kawai.

Ɗan aji ɗaya, zangon farko na kallo ne. Ka halarci tutoriyal, ka je taro biyu ko uku na ƙungiyoyi daban-daban, kada ka karɓi muƙami sai ka ga sakamakonka na farko. Shi zai gaya maka yawan lokacin da kake da shi na gaskiya.

Mai zuwa daga gida kullum, ka nemi abin da ake yi tsakanin lacca da lacca ko ranar Asabar: ƙungiyar sashe, rediyo, ko sana'a a unguwarku. Siyasar makaranta gaba ɗaya da dare ake ƙulla ta, kai kuma da dare kana Rigasa.

Wanda aljihunsa ya yi ƙasa, sana'a ce babbar, ƙungiyar addini ko ta sashe ƙarama. Babu abin kunya a ciki. Wanda makinsa ke tangal-tangal kusa da iyaka, ko yake ɗauke da kwasa-kwasan da ya faɗi, tutoriyal da motsa jiki sun ishe shi har ya miƙe.

Mai kunyar magana, muhawara ko ƙungiyar marubuta, inda mutum goma sha biyar ne za su saurare ka ba dubu ba. Mai burin tallafin karatu a waje, aikin sa kai guda ɗaya da za ka daɗe a ciki har ka iya faɗin abin da ka yi da wanda ya amfana, ya fi katin ƙungiya bakwai.

Ke kuma da ake sa wa ido a kan lokacin dawowa, ki zaɓi mai taron rana, ki kai wa Baba ko Mama takardar ƙungiyar su gani da idonsu, ki gaya musu sunan malamin da ke kula da ita. Yawancin "a'a" na gida daga rashin sanin inda za ki ne. Matar aure mai karatu, ƙungiyar sashe a matsayin mamba ta wadatar, don kada sanarwar SIWES ko ta bita ta wuce ki.

Mai jin siyasa a jininsa, makinsa ya haura 3.50 da rata, yana kwana a cikin makaranta, kuma zai iya kamfen da kuɗin da ba na ubangida ba, ya tsaya a aji biyu ko uku, ya fara da kujerar sashe. Ɗan ajin ƙarshe kuwa ya miƙa duk wani muƙami ga na baya tun farkon zango, abin da zai rage masa shi ne ganawa da malamin da ke duba aikin bincikensa da kuma sana'ar da zai tafi da ita bautar ƙasa.